Ranar da Onah Ta Kai Aurenta Kotu

A asibiti maganar ta faro. Sarmita yana tsakar gonar shinkafa da hantsi ciwon mara ya murɗe shi ya kayar, aka ɗauko shi a motar kayan lambu zuwa asibitin gunduma. Likita ya duba ya ce sai an yi masa aiki, kuma sai wani nasa ya sa hannu. Matarsa Onah ta gyara ɗaurin zaninta ta matso, ta miƙa hannu za ta karɓi biro. Ma'aikaciyar asibitin da ke riƙe da takardar yarinya ce mai fara'a, sa'ar jikokinta. Ta duba katin iyalin, ta sake dubawa, sannan ta sassauta murya, ta kira ta Ambu, wato Mama a harshensu.

"Ambu, ki yi haƙuri. A nan ba a nuna ke matarsa ba ce. Ba wani ɗan'uwansa na jini a kusa?"

"Ga 'yarsa nan," in ji Onah, ta nuna Yuyun, autarsu, wadda ke tsaye tana share hawaye.

Nan ma aka duba. Takardar haihuwar Yuyun sunan uwa kaɗai ke kanta, wurin sunan uba fili ne. Sai da aka tura babur ƙauye aka ɗauko ƙanen Sarmita, shi ya sa hannun. Onah ta koma kan benci ta zauna, ta naɗe hannuwa a cinya.

Ba wai ba ta san da maganar ba ne. Ita da Sarmita mutanen kan tudu ne, wato 'yan gidajen nan na saman ƙauyen Lebaksirna da suka tsaya a kan tafarkin kakanni, alhali sauran gari Musulmi ne. Mahalicci ɗaya suke kira, da harshensu da irin ladabinsu, kuma duk kaka sukan kai damin farko na shinkafa babban zaure su yi godiya. Lokacin da tsoho Aki Wirta ya ɗaura musu aure, ofishin rajista bai karɓa ba, don tafarkinsu ba ya cikin addinan da gwamnati ta san da su. A lokacin ko a jikinsu. Sarmita cewa ya yi takarda ba ta dafa shinkafa, Onah kuwa amarya ce, kunya ta hana ta tunanin komai. Haka suka shekara arba'in da ɗoriya, suka haifi huɗu, suka aurar da uku, suka gina gida mai rufin jan tayil da ɗan tafkin kifi a baya.

Aiki ya yi kyau, Sarmita ya farfaɗo. Da aka ba shi labarin abin da ya faru, dariya ya kama yi har yana dafe ɗinki.

"Ashe tuzuru ne ni ban sani ba! To bari in warke, in saka sabuwar riga in fita neman aure."

"Wa za ta kula ka da waɗannan baƙaƙen haƙoran?" in ji Onah tana ba shi kunun shinkafa a baki. "Buɗe, kar ka ɓata min zani."

Ta yi murmushi, amma maganar yarinyar nan ta asibiti ta tsaya mata kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Tana wanki tana jin ta, tana tankaɗe tana jin ta.

Yuyun ce ta kawo shawara. Ita tana ɗinki a garin gunduma, tana jin labarai. Ta ce tuni babbar kotu ta can Jakarta, babban birnin ƙasar, ta faɗa cewa masu bin tafarkin kakanni 'yan ƙasa ne kamar kowa, yanzu ana rubuta aurensu. Don haka da Sarmita ya iya taka ƙafa, sai su ukun suka hau ƙaramar bas suka nufi ofishin rajista.

Jami'in da suka samu dattijo ne mai natsuwa, har ya sa aka kawo musu shayi. Ya saurare su tsaf, sannan ya ce hanya biyu ce. Ta farko, su je wurin jagoran tafarkinsu wanda gwamnati ta ba izini, ya ɗaura musu aure sabo, a rubuta da kwanan watan ranar. Ta biyu kuwa, ya faɗe ta yana kallon teburinsa: wasu kan canza addini a katinsu kawai, su je wurin limamin gwamnati a gyara komai cikin sauƙi.

"To wancan auren na Aki Wirta fa?" Onah ta tambaya.

"Aki Wirta ya rasu, Ambu, kuma bai taɓa samun izini ba. Ba ni da ikon rubuta abin da ya wuce."

"Ke nan in an ɗaura mana yau, shekarun nan duk zaman me muka yi? 'Ya'yana huɗu kuma su wane ne?"

Jami'in ya ce, "Wannan sai alƙali. In alƙali ya ce in rubuta, da hannuna zan rubuta."

A hanyar komawa Sarmita ya ce shi dai da a sake ɗaurawa a huta, ko ba komai a ci nama. Onah ta juya ta kalli taga. Sai da suka sauka a bakin gada ta kira shi Kang, yadda matan yankin ke kiran miji, ta ce, "Ni sau ɗaya na yi aure, Kang. Ba zan sake don wani ya samu abin rubutawa ba." Sarmita ya san wannan muryar, bai ƙara ba.

Da la'asar maƙwabcinsu Alhaji Dudung ya hauro tudu kamar yadda ya saba. Gonarsa da ta Sarmita magudanar ruwa ɗaya suke sha, tun suna samari suke faɗa a kanta suna shiryawa. Shi ne ladanin ƙaramin masallacin ƙauye, kuma babu watan da zai wuce bai yi wa Sarmita tayin Musulunci ba, shi kuwa ya ce masa sai ya gama girbi. Onah ta kawo musu kofi da soyayyen rogo a baranda, ta koma bakin ƙofa tana tsince wake.

"Alhaji, yau ka kusa samun abin da kake nema," in ji Sarmita yana kunna sigarinsa mai kanumfari. "An ce in na yarda a rubuta Musulmi a katina, shi ke nan an gama."

Alhaji Dudung ya dire kofinsa. "Wane ne ya ce?"

"Mutanen ofis."

"A'uzubillahi! Musuluncin rigar aro ce, da za ka saka a ɗauke ka hoto ka tuɓe? Ni so nake ka shigo da ƙafarka da zuciyarka, kai tsohon banza, ba da biron wani ba. In ka kuskura ka yi haka, ko gaisuwa ta raba mu."

"To kin ji, Nyai," Sarmita ya ce da matarsa, don haka yake kiranta. "Na zo shiga, ladan ya rufe ƙofa."

Onah ta ɗago. "Alhaji, an ce kotu za ta nemi wanda ya ga ɗaurin auren da idonsa. Na kan tudu duk sun ƙare, sai waɗanda suke yara a lokacin."

Alhaji Dudung ya daɗe yana shafa 'yar furfurar gemunsa. "Ai kuwa na gani," ya ce a hankali. "Ku sa sunana."

Yuyun ta rubuta ƙorafin, aka kai, aka sa musu rana bayan an gama dashe. Ranar Onah ta ciro rigarta mai ruwan toka ta zuwa biki, Sarmita ya sa baƙaƙen kaya ya ɗaura ɗan ƙyallen kai irin na mutanen tudu. Alhaji Dudung ya zo da farar hula, matarsa Hajiya Icih kuma ta ce ƙafarta ƙafarsa, don ba ta taɓa ganin cikin kotu ba. Ta ƙunso shinkafa a ganyen ayaba da soyayyen kifi, suka ci a ƙarƙashin bishiya suna jiran kira.

Ɗakin shari'ar bai kai yadda Onah ta zata ba, fanka ɗaya ce ke juyawa a sama. Alƙaliyar mace ce doguwa, Mai shari'a Hutapea, mutuniyar tsibirin Sumatra, da ɗan ƙaramin gicciye a wuyanta. Muryarta kamar ana sara itace. Da ta ce, "Mai ƙorafi ta matso!" sai Onah ta raɗa wa Yuyun, "Me na yi take min faɗa?"

"Ba faɗa ba ne, Ambu, haka mutanensu ke magana."

Aka fara da jami'in rajista, wanda kotu ta kira don ya yi bayani. Ya ce shi ba ya ƙin tsofaffin nan, amma ƙasa ba ta raba kanta da Allah ba, imani da Ubangiji ɗaya shi ne tushenta na farko. Doka ta ce aure yana tabbata ne in an ɗaura shi bisa addini. A zamanin da aka yi wannan, gwamnati al'ada ta ɗauki tafarkin kan tudu, ba addini ba, don haka babu wani gurbi da zai sa auren.

Alƙaliya ta rubuta, sannan ta juyo. "Ambu Onah, ranar da aka ɗaura miki aure, a gaban wa kika yi alkawari?"

Onah ta ce, "A gaban Aki Wirta, ranki ya daɗe, da iyayenmu."

"Su kaɗai?"

"A'a. Su ai shaidu ne. Alkawarin da Wanda ya halicce mu aka yi."

"Da sunansa aka ɗaura?"

"To da sunan wa za a ɗaura, ranki ya daɗe?"

"Tambaya ce kawai. Me ya sa ba za ki sake ɗaurawa ba, tunda ya fi sauƙi?"

Onah ta dubi Yuyun, ta dubi mijinta. Ta so ta ba da labarin asibiti, sai ta ji in ta fara za ta yi kuka a gaban mutane. Don haka ta ce, "Wanda ya ɓace ake nema, ranki ya daɗe. Nawa bai ɓace ba."

Aka kira Alhaji Dudung. Aka ɗaga Alƙur'ani bisa kansa ya yi rantsuwa, ya gyara tsayuwa kamar zai kira salla.

"Kai Musulmi ne," in ji alƙaliya. "Me ya kai ka ɗaurin auren mutanen tudu?"

"Maƙwabta ne, ranki ya daɗe. Mu muka kafa musu rumfa, su ma in namu ya tashi su ke kafa mana."

"Wace shekara ce?"

"Shekarar da dutse ya yi aman toka. Bayan an share tokar da 'yan makonni, ranar Alhamis. Amarya ta sa koren mayafi mai ɗigon fari. An zuba musu ruwa a hannu daga tulu guda, Aki Wirta ya haɗa hannuwan ya yi addu'a irin tasu. Da ya tambaye ta ko ta yarda, sai da ya maimaita kafin a ji muryarta."

Alƙaliya ta ajiye biro. "Alhaji, ni abin da na ci jiya ma sai na yi tunani. Kai yaya aka yi ka riƙe har launin mayafi, bayan shekaru haka? Ko an karanta maka ne a gida?"

Alhaji Dudung ya dubi fanka, ya dubi ƙasa. "Ranki ya daɗe, dole in faɗa?"

"Ka yi rantsuwa."

"To... ni na fara nemanta. Sau biyu na aika, aka dawo min da kayana. Wannan mai baƙin haƙoran ya kasa ni. Mutum ai ba ya manta ranar da aka kayar da shi."

Ɗakin ya kaure da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Onah ta ja gefen gyalenta ta rufe fuska, kunnuwanta suka yi zafi kamar na budurwa. Daga bencin baya sai aka ji Hajiya Icih: "Lallai! Sai yau nake ji!" Sarmita kuwa ƙirji ya buɗe yana waige-waige, kamar wanda aka ba sarauta. Alƙaliya ta buga ɗan gudumarta, amma ita ma kafaɗunta rawa suke.

"Kotu ta gamsu cewa shaida yana wurin," ta ce. Ta ɗage zaman.

A mota ba wanda ya huta. Hajiya Icih ta ce ashe ita cike gurbi aka yi da ita, Alhaji ya rantse cewa Allah ne ya yi masa gyaɗar dogo, don da ya auri Onah da yanzu ya rame saboda kaifin bakinta. Onah ta ce da ta aure shi da kurma ta zama, da wannan muryar tasa ta asuba. Haka suka iso gida.

A ƙauye magana ta ɗan tashi. Wasu suka ce bai kamata ladan guda ya je kotu yana tsaya wa waɗanda ba sa salla ba. Da aka tare shi da zancen a ƙofar masallaci, Alhaji Dudung ya ce, "Ban ce tafarkinsu daidai ne ba, ba a kuma tambaye ni ba. Abin da idona ya gani aka tambaye ni. In na ɓoye shaida, cikinku wa zai ɗaukar min zunubin?" Wasu suka gamsu, wasu suka ci gaba da gunaguninsu, har damina ta shagaltar da kowa.

Shinkafa ta fara fitar da kai lokacin da aka kira su jin hukunci. Mai shari'a Hutapea ta daɗe tana karatu da manyan kalmomin da Onah ba ta gane ba. Da ta gama sai ta cire tabarau ta ce za ta faɗa da bakin kowa.

"Gaskiya ne ƙasarmu ba ta juya wa Allah baya ba. Amma ba ta ɗauki addini ɗaya ta ce shi ne nata ba, kuma ba ta naɗa wannan kotu don ta auna wace hanya ke kai mutum ga rahama ba. Wannan na masallaci ne da coci da zauren kan tudu, kowa da nasa. Abin da aka ɗora min shi ne in duba: an ɗaura aure bisa imanin mutanen nan biyu, ko ba a ɗaura ba? Na samu an ɗaura. In ofis ya rasa gurbin rubutawa a wancan lokaci, gurbi ne ya yi ƙaranci, ba auren ba. A rubuta shi daga ranar da aka yi shi, a kuma sa sunan uba a takardun 'ya'yansu."

Onah ta ji Yuyun ta damƙe hannunta. Ita dai ba ta yi kuka ba, numfashi kawai ta sauke mai tsawo, ta ji kafaɗunta sun yi sauƙi. Jami'in rajista ya zo ya durƙusa kaɗan ya gaishe ta, ya ce su zo ranar Litinin da hotuna, kada su bi layi, su tambaye shi kai tsaye.

'Ya'ya suka dage sai an yi walima. Onah ta gindaya sharaɗi: kada kowa ya kira shi biki, kada a kawo mata kayan amarya. Aka kwashe kifin tafkin bayan gida, aka yanka akuya, aka ba Alhaji Dudung wuƙa ya yanka da kansa don kowa ya ci hankali kwance. Mutanen tudu da na gangare suka cika tsakar gida, har da biyu daga cikin masu gunagunin, waɗanda ƙamshin gashi ya fi ƙarfinsu. Babban ɗansu ya zo daga birnin Bandung da iyalinsa. Mutum ne mai furfura a gefen kai, amma da aka miƙa masa sabuwar takardar haihuwarsa ya ga sunan Sarmita, sai ya zagaya bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Bayan kwana kaɗan, Onah tana shanya shinkafa a tabarma sai ga Nini Emeh, wata tsohuwa daga can ƙarshen tudu, ta dogaro sandarta. Ta zauna, ta sha ruwa, ta yi zancen ciwon gwiwa da tsadar gishiri, sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. Nata mijin ya rasu tuni, amma tana so a rubuta aurensu, saboda 'ya'ya.

"Ni tsoro nake, Onah. An ce matar nan tsawa take yi."

"Muryarta ce haka, ba ta cizo," in ji Onah tana korar kaji da tsintsiya. "Zan sa Yuyun ta rubuta miki. Ki nemo wanda ya ga ɗaurin, ko daga gangare ne. Kuma ki ci abinci ki ƙoshi kafin ki tafi, don akwai jira."

"Za ki raka ni?"

Onah ta dubi sama, hadari na haɗowa ta gabas. "Zan raka ki. Kama min bakin tabarmar nan mu shigar kafin ruwa ya sauko."